Yadda ake haɗa kayan wutar gida da wayar hannu, daga injin ruwa zuwa firiza

Tankin ruwa ne ya jefa ni cikin wannan harka. Wata rana da yamma ana tsaka da jan ruwa aka ɗauke wuta, yara suka watse, babu wanda ya tuna da makunnin injin. Wajen ƙarfe biyun dare aka dawo da ita. Injin ya kama aikinsa shi kaɗai, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi ƙasan katanga ya shiga gidan maƙwabcina. Da asuba muna fitowa daga masallaci ya riƙo hannuna yana murmushi, ya ce, "Malam, rijiyar nan taku ta yi albarka, har mu ta yi wa sadaka." Na ba shi haƙuri, amma kunyar ta bi ni har wajen aiki.

A tallace-tallacen ƙasashen waje, abin da ake nunawa shi ne mutum yana kishingiɗe yana yi wa fitila magana tana sauya launi. Mu ba wannan ne ciwonmu ba. Ciwonmu wuta ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana, da batirin inbata da ke ƙarewa kafin asuba, da mita mai cin yunit kamar wuta a ciyawa. Tun watan Afrilun 2024, da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ninka kuɗin wutar masu Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar aƙalla awa ashirin a rana, fiye da sau uku zuwa naira 225 kan kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya, mantuwa da hita a kunne ta daina zama ƙaramin laifi. A nan ne haɗa kayan wuta da waya yake da amfani na zahiri: abin da mutum zai manta, na'ura ta tuna masa.

Dabarar kanta ba ta da wani sihiri. Tsakanin bango da kayan wutarka ake saka wani ƙaramin makunni mai jin umarni ta Wi-Fi. Kai kuma kana ba shi umarnin daga manhaja a wayarka, ko ka rubuta masa jadawali ya riƙa bi da kansa. Tsohuwar fankarka da firizar da ka gada duk za su shiga tsarin, ba sai ka sayi sababbi ba.

Mataki na farko: zagaya gidan da biro da takarda

Kada ka fara da kasuwa. Bi ɗaki-ɗaki ka rubuta duk abin da ke shan wuta, ka duba bayansa ko ƙasansa, akwai ɗan tambarin da aka rubuta ƙarfinsa da wat. Ƙwan fitila na zamani wat 9 zuwa 20 ne. Fankar sama wajen 70. Firiza matsakaiciya 100 zuwa 200. Dutsen guga daga 1,000 zuwa sama. Hitar wanka ta bango 1,500 zuwa 3,000. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya a lissafi wat 746 ne, amma abin da yake ja daga layi ya fi haka.

Yunit ɗaya a mitarka shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Da wannan kaɗai za ka iya kama ɓarawon gidanka. Ɗauki fitilun tsaro na waje: ƙwai shida masu wat 20 sun zama wat 120. Idan aka bar su suna ci da rana tsawon awa 12, an ƙone yunit 1.44 a banza, a wata kuma wajen yunit 43. Ga wanda ke sayen yunit a kan naira ɗari biyu da wani abu, ya doshi dubu tara kenan, saboda kawai ba a taɓa makunni da safe ba.

A gefen kowane abu ka rubuta amsar tambaya biyu. Wace mantuwa ake yawan yi da shi? Kuma a kan wane layi yake, na NEPA zalla ko wanda ke bi ta inbata? Duk abin da babu mantuwa a kansa, kuma ba ya cin wuta, ka rabu da shi. Ni na taɓa saka wa fitilar banɗaki irin wannan makunni, har yau ban ga abin da ya tsinana ba. A yawancin gidaje abin da zai rage a takardar bai wuce biyar ba: injin ruwa, fitilun waje, hita, firiza, da esi.

Mataki na biyu: gyara zaman rauta

Duk waɗannan na'urori ta rautar gida, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, suke jin magana. Idan ta mutu, sun kurmance. Saboda haka ka mayar da ita kan layin inbata, in kuma babu inbata ka saya mata ɗan ƙaramin batirin nan na rauta da ke riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Ba ta cin wuta sosai, yawanci ba ta wuce wat 10 zuwa 15 ba.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba sababbin shiga wahala. Rauta ta zamani tana watsa Wi-Fi a kan zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, kuma galibin waɗannan ƙananan na'urori na farkon kaɗai suka sani. Shiga saitin rautar ka tabbatar 2.4 a kunne yake. In zangon biyu suna ƙarƙashin suna ɗaya, raba su, ka ba kowanne sunansa. Shi 2.4 ɗin ya fi ratsa bango, kuma bulonmu na siminti ba ya wasa da sigina. Je ka tsaya a gindin injin ruwa da wayarka ka ga ko Wi-Fi na kaiwa. In sanda ɗaya kake gani, matsar da rautar zuwa tsakiyar gida ko ka ƙara na'urar faɗaɗa zango.

MiFi ɗin aljihu ba zai yi wannan aiki ba idan kana fita da shi. Ko ka bar shi a gida, da yawansu iyakarsu na'ura goma ko sha shida, wayoyin yara kaɗai sun cinye gurbin. Data kuwa kada ta dame ka: soket mai Wi-Fi ba ya cin abin a zo a gani. Kyamara ce mai haɗama.

Mataki na uku: sayayya, da abin da za ka karanta a jikin kwali

Ko a Sabon Gari ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Alaba a Legas, ko ta intanet, kada ka bari bakin mai shago ya rigayi idonka. Abu uku za ka duba.

Ƙarfin wuta. Tamu bolt 230 ce. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, kana soka shi zai yi ƙara ya yi hayaƙi. Nemi wanda aka rubuta 100 zuwa 240.

Siffar baki. A Najeriya da Ghana soket mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na Ingila, ya fi yawa. A Nijar da Kamaru da Cadi mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa ake samu. Sayi wanda zai shiga bangonka kai tsaye. Duk adaftar da ka ƙara a tsakani, wurin zafi ka ƙara.

Nauyin da yake ɗauka, wanda ake rubutawa da lamba da harafin A. Ninka lambar da 230 ka samu wat: 10A ya ba da 2,300, 13A kusan 3,000, 16A kuma 3,680. Amma wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba ta zaman yau da kullum ba. Ni ba na ɗora wa soket fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta masa, musamman marar suna.

Sai batun gida ɗaya. Kowane kamfani da manhajarsa: kayan Sonoff suna tafiya da eWeLink, na TP-Link da Tapo, Shelly da tasa, sannan ɗimbin kayan da ke zuwa daga Sin da sunaye barkatai yawanci na dandalin Tuya ne, ana sarrafa su da Smart Life. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, in ba haka ba za ka wayi gari da manhaja huɗu, fitila a nan, famfo a can. Akwai wata yarjejeniya mai suna Matter da ta fito a 2022, wadda Apple da Google da Amazon da Samsung suka shiga don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin yaren juna. In ka ga tambarinta a kwali, ƙari ne mai kyau, amma ba sharaɗi ba ne ga mai farawa.

Sayayyar farko soket ɗaya tak ya isa, amma ya zama mai auna wutar da ake sha. Ƙarin kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne malaminka.

Mataki na huɗu: haɗa soket na farko

Sauke manhajar, ka buɗe asusu da imel ɗin da kake amfani da shi da gaske, ka sa kalmar sirri da ba ka taɓa sawa a wani wuri ba. Sa wayarka a kan Wi-Fi na 2.4, ka kunna Bluetooth da wurin da kake, domin manhajar da su take lalubo na'urar. Soka soket ɗin a bango kusa da rauta. Danne ɗan maɓallin jikinsa kamar daƙiƙa biyar har fitilarsa ta fara ƙiftawa da sauri. A manhajar taɓa alamar ƙari, za ta gano shi, ta tambaye ka kalmar sirrin Wi-Fi. Rubuta ta a tsanake. Rabin masu cewa abin ya ƙi, harafi ɗaya suka kuskure. Minti ɗaya ko biyu ya gama.

Ba shi suna da Hausa, irin wanda kowa a gidan zai gane: Firizar Kicin, Fitilar Ƙofa. In ka bar sunan kamfani, ranar da suka kai takwas za ka kashe wa Hajiya fanka kana zaton hita ce.

Yanzu ga saitin da, a ganina, shi kaɗai ya biya kuɗin na'urar. Shiga saitin soket ɗin ka nemi inda ake zaɓar abin da zai yi idan wuta ta dawo. A eWeLink sunansa Power-on State, a Smart Life sau da yawa Relay Status. Zaɓi uku ne: ya kunnu, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin ɗaukewar. Dutsen guga, hita, butar dafa ruwa, injin ruwa, duk a kashe. Kowa ya san labarin: ana guga aka ɗauke wuta, aka jingine dutsen a kan kaya aka tafi biki, wuta ta dawo babu kowa a gida. Gobarar hunturu da yawa daga irin wannan take tashi. Da soket ɗin da aka ce masa ya zauna a kashe, wuta ta dawo sau goma dutsen ba zai ɗau zafi ba sai an taɓa maɓalli. Firiza da fitilun waje su kuma akasin haka, su kunnu.

Kada ka yarda da saitin sai ka gwada. Kashe makunnin bango, ka ƙirga goma, ka kunna, ka ga abin da ya yi.

Daga nan ka bar soket ɗin ya yi yawon mako biyu: kwana uku a firiza, kwana uku a talabijin da dikoda, haka dai. Kullum ka duba yunit nawa aka sha. Ni a nan na gano tsohon firijin falo, wanda robar ƙofarsa ta saki, ya fi sabuwar firizar da ta ninka shi girma cin wuta. Roba muka sauya, ba wata na'ura ba.

Mataki na biyar: injin ruwa, inda ake ƙona kuɗi

A nan na yi wauta, gara in faɗa. Na ga an rubuta 10A a soket, injina kuma doki ɗaya ne, na ce ai da sauran fili. Sati uku aka yi, wata safiya na ji ƙauri, na tarar robar ta narke ta manne da bango. Mai gyaran wutar da na kira ya juya shi a hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai jaki ka ɗora wa kayan raƙumi."

Gaskiyarsa. Duk abin da ke da mota mai juyawa a ciki, injin ruwa ko esi ko firiza, a daidai lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Fizgar ba ta daɗewa, amma kullum tana ɗan ƙona bakin makunnin ciki, har wata rana ya manne. In ya manne kuwa manhaja za ta nuna maka an kashe alhali injin na ta aiki. Ga lo-karan kuma, wanda ke sa mota jan fiye da ƙima tana zafi.

Yadda ake yi shi ne a sa kontakta. Wani makunni ne mai ƙarfi da aka yi don nauyin mota. Ƙaramar na'urar Wi-Fi ba za ta ɗauki injin ba, kontaktar kawai za ta riƙa taɓawa, ita kuma ta ɗauki nauyin. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba na koyo a bidiyo ba. Ka ce masa ya haɗa su cikin akwati mai murfi da ruwan sama da ƙura ba sa shiga, da bireka tasa daban. Akwatin ya zama na roba, domin na ƙarfe yana toshe sigina.

Ka kuma ce ya sa maka makunnin tanki mai yawo a kan ruwa, wanda ke yanke wuta da kansa in ruwa ya kai baki. Wannan ba ya buƙatar intanet ko manhaja, kuma shi ne mai gadi na farko. Wayarka mai gadi na biyu ce. Auna minti nawa tankinka ke ɗauka ya cika daga ƙasa, in arba'in ne, ka saita na'urar ta kashe kanta bayan minti arba'in da biyar duk lokacin da aka kunna ta. Manhajoji da yawa Inching suke kiran wannan saiti. Ko makunnin tankin ya maƙale, ɓarnar 'yan mintoci ce, ba ta dare guda ba.

In tsarin naka yana auna wutar injin, akwai wata riba da rani. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan rijiya ke ja da baya, injin kan yi ta juyawa babu ruwa, kuma hakan ne ke ƙona shi. Injin da ke jan iska ba ya cin wuta kamar mai jan ruwa. Lura da lambar da yake nunawa in yana aiki lafiya, sai ka kafa doka: in ta faɗi ƙasa sosai, a kashe, a turo maka saƙo.

Mataki na shida: fitilun waje

Hanya biyu ce: ƙwan fitila mai Wi-Fi, ko makunnin bango mai Wi-Fi. Ƙwan yana da sauƙin sawa, amma da zarar wani ya kashe makunnin bango ya mutu, wayarka ba ta da iko da shi. A gidan da ke da yara da baƙi, makunnin bango ya fi, don hannu na aiki, waya na aiki.

Sai dai kafin ka saya, a buɗe maka ramin makunnin a duba, bayan an kashe wutar gidan daga babban allo. Yawancin waɗannan makunnai suna buƙatar wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, kuma a gidajenmu da yawa layif, mai kawo wutar, kaɗai ake saukarwa zuwa makunni. In babu, ko dai a jawo ta, ko a ɓoye ƙaramar na'urar a sama inda wayoyin fitilar suka haɗu, ko ka sayi irin wanda aka yi don gidan da babu nutural. Na ƙarshen nan wani lokaci yakan sa ƙananan ƙwai su riƙa ƙyaftawa ko an kashe su, shi ya sa ake haɗo shi da wani ɗan kafasita da ake liƙawa a gindin fitilar.

Wajen jadawali kada ka sa ƙarfe kaza. A Kano rana kan faɗi wajen ƙarfe shida a Nuwamba, amma a Yuli sai dab da bakwai. Manhajar tana da zaɓin faɗuwar rana da fitowarta, tana lissafawa daga garin da kake. Ka ce ta kunna a faɗuwar rana ta kashe a fitowarta, ka huta har shekara ta zagayo.

Na'urar jin motsi tana da daɗi a soro da lungun bayan gida, amma ka san halinta. Zafin jiki take bambancewa da na wurin. A Afrilu, da katanga ta sha rana ta kai zafin jikin mutum, takan yi nauyin ji. Da sanyi kuma mage ma ta isa ta tashe ta.

Mataki na bakwai: hita, firiza, esi, da mai sola

Hitar bango tana son makunni mai 20A, ko kontakta irin ta injin ruwa. Da hunturu ka saita ta ta kunnu minti arba'in kafin kiran assalatu, ta mutu bayan an gama shirin makaranta. Da azumi ka matsar da lokacin zuwa na sahur. Hita mai wat 1,500 yunit ɗaya da rabi take sha a awa in tana dafawa, kuma wadda aka bari a kunne yini guda tana ta sake ɗumama ruwan da babu mai wanka da shi.

Firiza ba a so a kunna ta nan take bayan an kashe ta, kwamfuresa na buƙatar minti uku zuwa biyar matsin cikinsa ya sauka. Saboda haka kada ka cire ɗan na'urar kariyar nan mai jinkiri da ke bayan firij, kuma kada ka cire stabilaiza. Soket mai Wi-Fi ba ya gyara wuta mai hawa da sauka, shi ma kansa tana iya kashe shi.

Ga mai sola, a nan kuɗin yake. Batir biyu masu bolt 12 da 200Ah suna ɗauke da wat-awa 4,800, wato yunit 4.8, amma in na ruwa ne rabin kawai ake so ka taɓa in kana son su yi shekaru. Wato abin da za ka kwana da shi bai wuce yunit biyu da ɗan wani abu ba. To me zai sa a ja ruwa ko a yi wanki da inji da daddare? Tura manyan ayyuka tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, lokacin da faranti ke kawo wuta fiye da buƙata. Firiza ta yi ta aiki da rana, ta huta daga sha ɗayan dare zuwa hantsi. In a cike take kuma ba a buɗe ta, ƙanƙararta na riƙewa fiye da haka nesa ba kusa ba. Firij na sama ba haka yake ba, bayan kamar awa huɗu sanyinsa ya fara tafiya. In kuma akwai magani a ciki, irin allurar masu ciwon suga, kada jadawali ya kusance shi.

Esi kuwa ba ta wajen wuta ake kama shi ba. Akwai ɗan ƙaramin abu mai kwaikwayon rimot, irin Broadlink RM4 mini. Ka ajiye shi inda yake kallon esi ɗin, ka zaɓi sunan kamfanin a manhaja, ko ka koya masa daga rimot ɗinka maɓalli-maɓalli. Daga nan za ka iya cewa ya fara a digiri 24, ya hau 26 da tsakar dare, ya mutu ƙarfe uku da gari ya yi sanyi. Aibinsa ɗaya: aikawa yake yi, ba ya jin amsa. In yaro ya kashe da rimot, manhajar ba ta sani ba.

Abin da ba na haɗawa ko kyauta aka ba ni: murhun gas, rishon lantarki, da duk abin da kunna shi babu mutum a kusa zai iya zama gobara.

Mataki na takwas: mutanen gida

Tsarin da maigida kaɗai ya iya sarrafawa fitina ce. Na taɓa tafiya, jadawali ya kashe firiza, uwargida ta sayo nama ta rasa yadda za ta yi. Ta kira ni ta ce, "Maigida, wannan firizar taka da ke jin maganarka kai kaɗai, sai ka dawo ka lallashe ta." Tun ranar na koya wa kowa maɓallin da ke jikin kowane soket, na kuma tura musu gayyata ta cikin manhaja, kowa da asusunsa. Kada ka raba kalmar sirrinka. Gayyata ana janye ta ranar da ɗan aiki ko ɗan haya ya tashi, ba tare da an taɓa komai ba. Haka mai gyaran da ya haɗa maka: da asusunka za a yi aikin, ba nasa ba.

Iyayenmu tsofaffi kada a tilasta musu waya. Makunnin ɗakin Hajiya ya ci gaba da aiki da hannu yadda ta saba. Umarnin murya ma ba zai taimaka musu ba, don Alexa ba ta jin Hausa.

Sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kamfani. In rautar na da layin baƙi, ba wa masu zuwa shi. Kyamara kuma, ni a wurina iyakarta ƙofar gida da wajen ajiye mota. Hoton da take ɗauka yana bi ta kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma duk wanda ya samu kalmar sirrinka ya samu ido a gidanka. Cikin gida inda iyali ke sakewa ba wurinta ba ne.

Idan intanet ya yanke

Gwada wannan da gangan wata Asabar. Cire layin data daga rautar ka bar ta a kunne, ka ga me ke aiki. Wasu na'urorin za su ji umarni muddin kana cikin gida a kan Wi-Fi ɗaya, wasu kuwa sai saƙon ya je wata ƙasa ya dawo. Jadawalin da aka ajiye a cikin na'urar yakan ci gaba, amma da yawansu ba su da batirin agogo: in wuta ta ɗauke ta dawo babu intanet, ba su san ƙarfe nawa ba. Rubuta waɗanda suka gaza, ka tabbatar babu wani muhimmin abu da ya rataya a kansu.

In na'urorinka sun haura goma, ko katsewar sabis ta ishe ka, akwai mataki na gaba. Zigbee wata hanyar sadarwa ce da ba ta bi ta rauta, tana da ƙaramar cibiyarta, kuma na'urorin da ke jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo. Sai dai a nan ma halin wutarmu na shigowa: in masu miƙa saƙon suna kan layin NEPA, ana ɗauke wuta sarƙar ta tsinke, don haka cibiyar da biyu-uku daga cikinsu su zauna kan inbata. Sama da wannan akwai Home Assistant, manhaja ce kyauta da aka fara a 2013, ana ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, tana riƙe dukkan dokokin gidan a cikin gidan. Da ita ne za ka iya cewa: in NEPA ta kawo, kunna injin ruwa da hita, in ta ɗauke, sauke su kafin su taɓa batir. Tana son haƙuri da zaman karatu na 'yan makonni.

Mai janareta ya ƙara gwaji ɗaya. Tayar da shi, ka juya canjoba, ka tsaya ka ga waɗanne kaya ne suka tashi lokaci guda. In firiza da esi da injin ruwa duk suka fizga tare, ƙaramin janareta zai yi tari ya mutu. Bar firiza ta tashi da kanta, sauran ka sa su zauna a kashe, ka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da tazarar minti biyu.